Fendar Motar Baba

Auta ya shigo da motar da baya-baya, ya manna ta da katanga, wai don kada a ga gefen hagu da wuri. Bai yi sa'a ba. Yayansa yana tsugune a bakin famfo yana wanke sufanu, kuma tun motar tana ƙofar gida ya ji ƙarar ƙarfe yana gogar taya. Ya miƙe, ya yarfe hannu, ya kutsa tsakanin motar da katangar. Fendar hagu, wato ƙarfen nan da ke rufe saman tayar gaba, ta naɗe kamar takardar da aka cukuikuye. Fitilar sigina tana reto a jikin waya.

"Ka gama da ita ke nan?" in ji Yaya.

"Dutsen nan na hanyar gona na taka, tayar ta ɗago ta kama fendar. Dama ta ruɓe, tsatsa ta cinye ta."

"Shekara da shekaru Baba yana taka dutsen nan ba ta kama ba. Sai da ka zo ka ƙaƙaba mata tayoyin tarakta."

"Tayoyin da ya bari sun yi sanƙo, Yaya. Ko su ma kayan tarihi ne, a goge su a jera a falo?"

Motar ta mahaifinsu ce, tsohuwar jif mai gajeren baya wadda yake hawa zuwa gonarsa a kan tudu, inda hanyar duk duwatsu ne da kwazazzabai. Da ya rasu, Inna ta ce ba za a sayar ba, kuma ba za a ce ta wane ce ba. Makullin yana rataye a ƙusa a ɗakinta, mai so ya je ya tambaya.

Yaya mai gyaran famfo ne, bai taɓa barin gidan ba. Shi ya yi jinyar tsohon, shi ke ɗaga shi, shi ke kai shi bayi, shi ke yi masa aski. Auta kuwa yana can nesa yana walda a wani kamfanin ƙera tankuna, kullum sai ya ce wata mai zuwa zai zo. Ya iso bayan an yi jana'iza, da jaka ɗaya da injin walda, ya kuma zauna. Tun ranar Yaya bai sake kallonsa da daɗi ba, shi ma Auta bai nemi a kalle shi ba.

Hayaniyar ce ta fito da Inna. Ta dafa bango ta tsaya tana sauraro. Yaya ya ce a kai motar wajen mai gyaran jikin mota ya buga fendar ta koma yadda take, a mayar da ƙananan tayoyi. Auta ya ce ko an buga gobe ma haka za ta yi. Abin da ya dace shi ne a cire fendojin duka biyu, a lanƙwasa bututun ƙarfe a yi sababbi masu tsayi, a shimfiɗa musu fallen ƙarfe a sama, taya ta samu wurin motsi.

"Kin ji ko, Inna? Yanka motar zai yi."

"Motar hawa ce ko gawa ce da ba a taɓawa?"

"Kai, rufe mini baki," in ji Inna. Ta dubi babban. "Babba, ubanku bai taɓa barin ɗan waje ya sa hannu a motar nan ba, ba kuma a kaina za a fara ba. Ku yi na bututun. Ku biyu. Ni dai in ga tana tafiya."

Cire tsofaffin fendojin kaɗai sai da ya ci musu yini. Notuna sun ci tsatsa, Auta yana so ya yanke su da injin yanka, Yaya yana zuba musu mai yana jira su saki. Da aka zo maganar bututu kuwa sai abin ya watse. Yaya ya jawo ragowar bututun ruwa daga bayan ɗakinsa, na ƙarfe, farare masu kauri. Auta ya ɗaga ɗaya ya jefar.

"Wannan na banɗaki ne. In ka sa masa wuta hayaƙinsa kaɗai ya isa ya kwantar da mutum. Baƙin bututu ake sa wa mota."

"Ni za ka koya wa bututu? Ina lanƙwasa bututu kana yawo ba wando."

"Shi ya sa har yau kake cikin masai."

Yaya ya juya wajen motar. Ya ɗauki alli ya ja layi a tsakiyar bonet, daga gilashi har hanci.

"Dama nawa, hagu naka, tunda kai ka lalata shi. Kada in ga inuwarka ta tsallako."

Matsalar ita ce kowannensu rabin aikin ya iya. Yaya yana da injin lanƙwasa bututu mai jak, ya kuma san inda zai sa alama, gwiwa ta fito sumul. Amma bai taɓa riƙe sandar walda ba. Auta kuwa waldarsa kamar ɗinkin keke, sai dai ba shi da abin lanƙwasa. Yaya ya ɗaure injinsa da sarƙa a jikin ginshiƙin rumfa ya sa kwaɗo. Auta ya kwance wayoyin injin walda ya kai ɗakinsa ya tura ƙarƙashin gado.

Daga nan tsakar gidan ya zama fagen yaƙi. Auta ya yanka kwali daidai siffar fendar da yake so, ya jingine a bango, da ya dawo ya tarar Yaya ya durƙusa a kansa yana aiki, duk mai ya ɓata shi. Washegari tartsatsin injin yanka ya huda rigar aikin Yaya da ke kan igiya, ƙananan ramuka kamar an watsa mata gero. Auta ya ce iska ce. In ya kunna injin walda wutar gidan gaba ɗaya sai ta ɗauke, Yaya ya fito ya zare masa filogi ba tare da ya dube shi ba. Magana ta daina shiga tsakaninsu sai ta bakin matar Yaya, wadda Auta ke kira Anti.

"Anti, ki ce wa maigidanki guduma ta Baba ce, ba tasa ba."

"Ki ce masa wanda ya san inda Baba ke ajiye ta shi ke ɗauka."

Anti ta gaji ta ce ita ba gidan waya ba ce, su yi magana da bakinsu ko su bari.

Gefen Yaya ya tashi da wuri. Ya lanƙwasa fararen bututunsa suka bi layin bonet tsaf, ya ɗaure su da waya tunda ba walda, yana wucewa yana shafa su. Gefen Auta kuwa babu komai sai taya a fili. Ya sayo baƙin bututu ya gwada lanƙwasa shi a jikin tsohon wili, bututun ya karye a gwiwa ya lotse kamar karan da aka taka. Ya sake, ya sake lotsewa. Duk wanda ya lalace sai ya ji Yaya ya yi gyaran murya daga kujerarsa.

Wani abokin aikinsa ya gaya masa a waya cewa ai ba sai da inji ba. A cika bututun da yashi, a toshe bakinsa, a gasa wurin da wuta har ya yi ja, sannan a ja shi a hankali, yashin zai hana shi lotsewa. Abin da abokin bai faɗa ba, ko ya faɗa Auta bai ji ba, shi ne dole yashin ya bushe ƙarau.

Akwai tulin yashi a kusurwar gidan, wanda Baba ya sa aka sauke zai ƙara ɗaki, ciwo ya hana. An yi ruwa shekaranjiya. Saman tulin ya bushe, amma Auta ya luma shebur ciki sosai ya ɗebo. Ya liƙe bakin bututun ɗaya da walda, ya tsayar da shi yana ɗura yashi da gwangwani yana bubbuga jikinsa don ya zauna. Da ya cika ya fiƙe guntun katako ya buga a ɗaya bakin da guduma har ya nutse.

Yaya yana zaune a rumfa yana shan shayi, yana kallon komai. Ya ga launin yashin. Ya ga yadda yake dunƙulewa a bakin gwangwanin. Lokacin da yake yaron shago, maigidansa har soya yashi yake sa su yi a tsohon kwano kafin a ɗura, ya kuma taɓa marin wani yaro a kan haka. Yaya ya ajiye kofi, ya buɗe baki.

Auta ya ɗago. "Akwai magana ne, Injiniya? Ko yau ma tarin ne?"

Yaya ya rufe bakinsa. Ya ɗauki kofin ya shanye. Sannan ya tashi ya tura babur ɗinsa bayan mota, ya ce wa Anti, wadda ke shanya a kusa, ta bar kayan ta shiga ciki.

"Ban gama ba ai."

"Na ce ki shiga."

A ransa ya ce katakon ne kawai zai yi tsalle, yaron ya tsorata ya zubar da kayan, a yi dariya, gobe ya zo ya roƙi injin da bakinsa.

Auta ya maƙale bututun a jikin wilin, ya sa gilashin kare ido, ya kunna wutar gas ya riƙa lasar gwiwar da ita. Ƙarfen ya yi duhu, ya fara ja. Ya ajiye wutar, ya koma ƙarshen bututun ya kama shi da hannu biyu, bakin katakon yana kallon ƙirjinsa, ya ja.

Ƙarar kamar an harba bindiga a cikin ɗaki. Katakon ya fita ya daki hannunsa na dama, tururi da yashi mai zafi suka biyo baya suka watsu masa a hannuwa da wuya. Ya faɗi zaune. Bai yi ihu nan da nan ba, sai da ya dubi hannunsa ya ga yatsu biyu sun juya inda bai kamata ba.

Yaya ne ya fara isa. Ya ja shi bakin famfo ya sakar masa ruwa, yana kiran Anti ta kawo zane mai tsabta. Inna ta fito ba ɗankwali tana salati. Maƙwabci ne ya kai su asibiti a motarsa, don tasu ba ta da fenda ko batir. A hanya Yaya yana riƙe da kafaɗar ƙanensa.

An ɗaure yatsun, an naɗe hannuwan har gwiwa, wuyan ma an rufe. Likita ta ce gilashin ne ya ceci idanunsa. Yatsun za su haɗe, amma ba ta yi alkawarin za su dunƙule kamar da ba. Auta ya yi kwanaki a kwance. Yaya yana zuwa kullum da abinci, ya ajiye ya tsaya a bakin ƙofa, Auta ya juya fuska bango. Mai kwanciya ba abin da yake da shi sai lokacin tunani, kuma Auta ya yi ta juya ranar a kansa har ya tuna da babur.

Ranar da aka sallame shi bai shiga ɗakinsa ba. Ya zauna a rumfa, hannuwa a kan cinya kamar an ɗora masa kaya, ya jira kowa ya fito.

"Yaya, me ya sa ka kawar da babur ɗinka?"

"Wane babur?"

"Ranar nan. Babur ɗinka yana kusa da ni, ka tashi ka tura shi bayan mota. Ka kuma ce Anti ta shiga ɗaki. Me ka sani?"

"Tartsatsi nake gudu. Ba ka huda mini riga ba?"

"Wutar gas ba ta tartsatsi. Ka san yashin jiƙaƙƙe ne."

Yaya ya ɗaga murya. "To da na faɗa maka za ka ji? Na buɗe baki ka ce mini Injiniya! Kai da ba a gaya maka magana, kai da ka fi kowa sani!"

"Ashe dai ka buɗe bakin."

Inna ta juya ga surukarta.

"Ke, gaskiya ne ya ce ki shiga?"

Anti ta sunkuyar da kai tana murza bakin zanenta. Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba, Inna kuma ba ta sake tambaya ba. Ta daɗe tana kallon babban ɗanta. Shi ya fi so ta zage shi ko ta yi kuka, amma ba ta yi ko ɗaya ba.

"Ka tuna da babur," in ji ta a hankali. "Ka tuna da matarka. To, Babba, tunda ka cinye masa hannu, naka zai zama nasa. Za ka gama motar nan yadda ya ce, komai da komai. Ranar da ka ɗaga masa murya, ka nemi wata uwar."

Washegari Auta ya sa aka fito masa da kujera gaban motar. Umarninsa na farko shi ne a kwance fararen bututun gefen dama a jefar bayan ɗaki. Yaya ya kwance su ɗaya bayan ɗaya. Ya buɗe kwaɗon injin lanƙwasa, ya yanka sabon kwali, ya auna daga hancin mota zuwa bakin ƙofa. Ya lanƙwasa baƙin bututu, gwiwa ta fito kyakkyawa. Auta ya duba ya ce ta yi ƙasa, taya za ta taɓa.

"Ba za ta taɓa ba."

"Sa jak a ƙarƙashin tayar ka ɗaga ta har ƙarshe, ka juya sitiyari."

Ta taɓa. Yaya ya jefar da wannan ya ɗauki wani.

Walda ce ta fi ba shi wahala. Sandar tana manne wa ƙarfe, ya fizge, ta sake mannewa. In ta kama kuma sai ta huda bututun. Auta yana zaune yana kallo kamar alƙali.

"Wannan walda ce ko kashin awaki? Goge ka sake."

Ya goge ya sake.

"Kana gudu kamar ana bin ka. Goge."

"Ai ta kama."

"Buga mata guduma mu gani."

Ya buga, ta rabu. Auta ya yi dariya har ciwon wuyansa ya tsayar da shi.

Wani lokaci Yaya ya gaji da gilashin don ba ya ganin inda zai fara, ya ture shi saman goshi zai ɗiga walda haka nan. Auta ya daka masa tsawa har Inna ta leƙo.

"Mayar da gilashin nan! Hasken zai dafa maka ido ka kwana kana kuka." Ya jira har Yaya ya mayar, sannan ya ƙara da cewa, "Ka ga yadda ake yi? Mutum ya ga abu, ya buɗe baki, ya faɗa. Ba wuya."

Yaya ya ci gaba da waldar. A cikin gilashin ba wanda ke ganin fuskarsa.

Haka suka yi makonni. Yaya yana fita aikin famfo da safe, ya dawo da rana ya durƙusa gaban motar. Suka kafa bututun sama da na ƙasa, suka yi kunnuwan da noti zai kama jikin mota. Da aka zo shimfiɗa falle Yaya ya ja walda doguwa, zafi ya sa fallen ya kumbura ya karkace. Auta ya bar shi ya gama tsaf, sannan ya ce a ɓamɓare, falle ɗigo-ɗigo ake yi masa, nan ɗaya can ɗaya, ana bari yana hucewa.

"Me ya hana ka faɗa tun farko?"

"Wannan falle ne kawai. Ba ya jin zafi."

Anti ta daina fitowa tsakar gida in suna aiki. Inna kuwa tana zama a bakin ƙofarta tana tsintar wake, ba ta sa musu baki, ba ta kuma yi wa Yaya magana sai ta zama dole. Da can in ya dawo aiki takan tambaye shi gidan wa ya je, me ya lalace. Yanzu sai dai ta amsa sallama.

Wata rana da yamma, suna huda wurin fitilar sigina, Yaya ya ajiye abin hudar. Bai dubi ƙanensa ba, ya yi magana yana kallon taya.

"Ban zaci abin zai kai haka ba."

"Iya ina ka zata zai kai?"

Yaya ya sake ɗaukar abin hudar.

"A'a, faɗa mini. Yatsa ɗaya? Ko ido ɗaya? Nawa ka yanka mini a ranka ka ce wannan ya ishe shi?"

"Kai ma ka bar ni da Baba ni kaɗai. Ka san abin da na gani? Ka san sau nawa ya kira sunanka?"

"Na sani, kuma zan mutu da shi. Amma ni ban zauna a kujera ina shan shayi ina kallo ba. Huda ramin nan, rana tana faɗuwa."

Aka gama. Yaya ya goge waldar, ya shafa fentin hana tsatsa, ya bi da baƙi. Motar ta canza kama, ta yi faɗi ta gaba, tayoyin suna tsaye a fili kamar ƙafafun ɗan dambe. Har maƙwabcin da ya kai su asibiti ya leƙo ya ce wallahi kamar daga kamfani.

A lokacin an kwance wa Auta hannu. Fatar ta yi dabbare-dabbare, yatsun nan biyu kuma sun ƙi lanƙwasuwa, in ya kama abu sai su tsaya a miƙe. Ya gwada riƙe mariƙin walda a ɓoye a ɗakinsa, ya suɓuce ya faɗi. Bai gaya wa kowa ba, amma Anti ta ji ƙarar.

Ya karɓi makulli wajen Inna ya ce za su je gwaji a hanyar gona, shi zai tuƙa. Suka fita da hantsi. Kwalta ta ƙare, suka shiga turɓaya, suka haye rafi, suka fara hawan tudu. Motar tana tangaɗi tana hawa, ba ƙarar guga, ba komai. Can sama, kusa da gonar, suka iso dutsen da ya murƙushe tsohuwar fendar. Auta ya ɗora tayar hagu a kansa a hankali har motar ta karkace, ya taka birki.

"Sauka ka duba."

Yaya ya sauka, ya durƙusa ya leƙa, ya zura hannu tsakanin taya da bututu. Hannun ya shige har da saura.

"Ba ta taɓa ba," ya ce. Muryarsa ta ɗan saki, don shi ma abin ya yi masa daɗi. "Akwai wuri sosai. Juya sitiyarin mu ga."

Auta ya juya sitiyarin. Ya sauko daga dutsen, ya yi kwana a ɗan filin da ke gaba, ya zo daidai Yaya ya rage gudu. Yaya ya miƙa hannu zai kama ƙofa. Auta ya dube shi ido cikin ido, ya taka mai.

Yaya ya bi shi da gudu kaɗan yana kira, sannan ya tsaya. Ya zauna a kan dutsen yana jiran motar ta dawo, yana cewa wasan banza ne. Ƙararta ta yi ta raguwa har ta ɓace. Wayarsa tana cikin motar, ruwan sha ma haka.

Ya sauko da ƙafa. Rana ta take, silifas ne a ƙafarsa, kafin ya kai rafi ɗaya ya tsinke ya ɗaure shi da tsumma. Da farko zagi yake yi da ƙarfi, yana tsara abin da zai yi wa yaron in ya isa. Daga baya bakinsa ya bushe, ya daina. A bakin kwalta wani mai ɗaukar itace ya rage masa hanya.

Ya isa gida rana ta yi ja. Motar tana tsakar gida, an wanke ta, wayarsa tana kan bonet. Ƙofar ɗakin Auta a buɗe take, ba jaka, ba takalma. Injin walda yana nan a rumfa, an naɗe wayoyinsa an ɗora a kai.

Inna tana zaune a bakin ƙofarta. Ta dubi ƙafafunsa, ta ce wa Anti ta kawo masa ruwa a roba.

"Ina yake?"

"Ya tafi. Kamfaninsu sun ce za su ba shi aikin tsaron sito."

"Kin san abin da ya yi mini yau?"

"Ya gaya mini kafin ku fita."

"Kika bar shi?"

"Na buɗe baki," in ji Inna, "sai na rufe."

Yaya ya zauna a ƙasa ya tsoma ƙafafunsa a ruwan. Anti ta tsaya a kansa da tawul.

Auta bai sake kwana a gidan ba. Yana kiran Inna a waya duk mako, su daɗe suna hira, yana tambayar lafiyar Anti. In ya ji muryar Yaya a kusa sai ya ce sai an jima. Da Inna ta yi rashin lafiya ya zo ya sauka a gidan maƙwabci, yana shigowa in ya tabbata Yaya ya fita aiki.

Yaya ne ke hawa motar yanzu, shi ke kai Inna gona in ta so ganin itatuwan mijinta. Fendojin ba su taɓa motsi ba. A gidan mai ko a bakin kasuwa samari sukan zagaye motar suna ƙwanƙwasa bututun, suna tambayar wane gareji ne ya yi. Yakan ce a gida aka yi. Wani mai irin motar ya taɓa bin sa har ƙofar gida yana roƙon a yi masa irinsu. Yaya ya ce shi mai gyaran famfo ne, in famfonsa ya lalace ya zo, ya shige ya rufe ƙofa.